Tara tsofaffin mujallun jarumai

Tara tsofaffin mujallun jarumai wata sha'awa ce da ta zama babbar kasuwa, wadda ta samo tushe a ƙasar Amurka. Masu yin ta suna nema, su saya, su adana mujallun labaran zane da ake kira komik, musamman na jarumai masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, irin su Superman da Batman da Spider-Man. Waɗanda aka fi nema su ne na tsakanin shekarar 1938 da farkon shekarun 1970. Labaran da ke cikinsu an sha sake buga su, kuma duk mai so zai same su da araha. Don haka abin da manyan masu tarawa ke gasa a kai shi ne riƙe kwafin bugun farko da ya fi kowanne lafiya. Tun daga shekarar 2000 ake auna wannan lafiya da maki daga 0.5 zuwa 10, kuma ɗan bambanci kaɗan a makin yana iya sa farashi ya ninka.

Asali

Masana tarihin harkar suna fara ƙirga daga fitowa ta 1 ta mujallar Action Comics, mai ɗauke da watan Yunin 1938 a bangonta. A ciki ne Superman ya fara bayyana, ƙirƙirar wasu samari biyu daga birnin Cleveland, Jerry Siegel marubuci da Joe Shuster mai zane, waɗanda suka sayar da haƙƙin mallakar jarumin a kan dala 130. Santi 10 ake sayar da mujallar, kuma an buga kwafi wajen 200,000. Batman ya biyo baya a fitowa ta 27 ta Detective Comics a watan Mayun 1939, sai Captain America a 1941. Wannan zango ana kiransa zamanin zinariya. Bayan jarumai sun ja baya a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, sun sake farfaɗowa daga 1956, lokacin da ake kira zamanin azurfa. A cikinsa ne kamfanin Marvel ya fito da Fantastic Four a 1961, da Spider-Man a fitowa ta 15 ta Amazing Fantasy a watan Agustan 1962, wadda aka sayar a kan santi 12.

A shekarun 1960 ne yaran da suka karanta waɗannan mujallu suka girma suka fara neman su ta hanyar wasiƙu da ƙananan taruka. A 1970 Robert Overstreet ya fitar da littafin jagoran farashi, wanda ya ci gaba da fitowa shekara bayan shekara, ya zama abin da mai saye da mai sayarwa ke buɗewa kafin ciniki. Bugunsa na farko ya yi wa kwafi mai cikakkiyar lafiya na Action Comics ta 1 kuɗi dala 300. A 1973 wani matashi ya sayi kwafi ɗaya a kan dala 1,800 da 'yan kai, jaridu suka ɗauki labarin a matsayin abin al'ajabi.

Dalilin ƙarancinsu

Ba a yi waɗannan mujallu don su daɗe ba. An buga su a kan takardar jarida mafi araha, wadda ke da sinadarin da ke sa ta ja, ta yi ruwan ƙasa, ta bushe har ta riƙa karyewa, musamman idan ta sha zafi ko haske. 'Yan ƙarafa biyu da suka ɗinke ta suna tsatsa idan akwai danshi. Masu karatun kuwa yara ne: su naɗe ta su cusa a aljihu, su yi musaya da abokai, su rubuta sunansu a bango, su yanke takardun talla da ke ciki su aika wa kamfani.

Abin da ya tsira daga hannun yara ya gamu da wasu masifun. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi gangamin tattara tsofaffin takardu don sake sarrafa su, miliyoyin mujallu suka tafi a nan. A ƙarshen shekarun 1940 wasu makarantu da ƙungiyoyin iyaye sun tara su sun cinna musu wuta a bainar jama'a, bisa zargin suna lalata tarbiyya. A 1954 littafin likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham da zaman sauraron bahasi na Majalisar Dattawan Amurka suka ƙara rura wutar ƙyamar. Sauran kuma iyaye mata sun zubar da su lokacin shara. Ana ƙiyasin cewa kwafin Action Comics ta 1 da suka rage ba su wuce ɗari ba, kuma mafi yawansu sun ji jiki.

Wannan ne ya bambanta su da mujallun baya-bayan nan. A farkon shekarun 1990 mutane sun ji labarin farashin tsofaffin, sai suka riƙa sayen sababbi da yawa suna ɓoyewa da fatan arziki. X-Men ta 1 ta shekarar 1991 an buga ta fiye da kwafi miliyan 8. Tun da kowa ya adana nasa a leda, babu wanda ya rasa, balle ya nema. Kasuwar ta rushe daga 1993, shaguna da yawa suka rufe, Marvel da kanta ta nemi kariyar kotu saboda bashi a watan Disambar 1996. Tsofaffin na shekarun 1930 da 1940 ba su faɗi tare da su ba.

Tarin Edgar Church

Abin da ya sauya tunanin masu tarawa game da lafiyar kwafi ya faru ne a birnin Denver na jihar Colorado a 1977. Iyalan wani dattijo mai suna Edgar Church, wanda ya yi aikin zanen talla a kamfanin tarho, suna son kwashe kayan gidansa. Church ya shafe kusan shekara ashirin, daga ƙarshen shekarun 1930, yana sayen kusan kowace mujalla da ta fito domin ya riƙa duba zanen ciki a aikinsa. Ba ya wulaƙanta su kamar yaro. Ya jera su a dogayen tsibi a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, inda babu haske, ga sanyi, ga busasshiyar iskar Colorado. Nauyin na sama ya danne na ƙasa, ya hana iska shiga.

Chuck Rozanski, mai shagon Mile High Comics, ɗan shekara 21 a lokacin, shi ya amsa kiran. Ya tarar da mujallu tsakanin 18,000 da 22,000, da yawansu kamar ranar aka sauke su daga injin bugawa, takardunsu farare ƙal. Kuɗin da aka fi ruwaitowa cewa ya biya shi ne wajen dala 1,800. Da ya tashi sayarwa sai ya nemi ninkin farashin da ke cikin littafin Overstreet, wani lokaci ninki biyu ko uku. An yi ta gunaguni, amma an saya. Daga nan aka gane cewa kwafin da ya fi kowanne kyau ba ya bin farashin littafi.

Daga nan kuma aka fara girmama abin da ake kira tari mai asali, wato tarin da mutum ɗaya ya saya sabo daga teburin mai jarida, ya adana, aka kuma san tarihinsa. Akwai irin waɗannan da aka amince da su kusan sittin, yawanci da sunan gari ko na mai su, kamar na Allentown da na San Francisco da na Kansas City. Kwafi mai asali yana fin takwaransa mai maki ɗaya tsada, saboda mai saye yana sayen labarin da ke bayansa ma. A 2021 wani tari mai suna Promise, na mujallu fiye da 5,000, ya shigo kasuwa da labarin wasu 'yan'uwa biyu da suka tafi yaƙin Koriya. Ƙanin bai dawo ba, yayan ya cika alkawarin adana masa mujallunsa.

Maki da akwatin roba

Kafin shekarar 2000 kowane dillali shi ke yi wa kayansa daraja, kuma kamar yadda aka saba, abin da mai sayarwa ya kira sabo dal, mai saye yakan ga lahani a jikinsa. Rigimar ta ƙaru da aka fara ciniki ta intanet, inda mutum ke biya kafin ya taɓa kaya. A wannan shekarar ne kamfanin CGC ya fara aiki, yana kwaikwayon tsarin da aka riga aka yi wa tsofaffin tsabar kuɗi. Hedikwatarsa tana Sarasota a jihar Florida. A 2014 tsohon shugaban masu ba da maki na CGC, Steve Borock, ya kafa kamfanin CBCS, amma CGC ne ke riƙe da mafi yawan kasuwar.

Mai mujalla yana aika ta ya biya kuɗin aiki. Ma'aikata suna ƙirga shafuka, su bincika ko an taɓa yi mata gyara, sannan su duba kusurwoyi, da maɗinka, da ƙyallin bango, da tabo ko lanƙwasa. Suna kuma rubuta launin takardun ciki, daga fari zuwa mai ruwan madara zuwa wanda ya soma karyewa. A ƙarshe a ba da maki, a rufe mujallar a cikin akwatin roba mai garai-garai, da takardar shaida a samansa. A ƙasan ma'aunin ana hawa ne galibi da rabi-rabi, amma daga 9.0 matakan suna matsewa: 9.2, 9.4, 9.6, 9.8, 9.9, 10. Bambancin 9.6 da 9.8 yana iya zama 'yar lanƙwasa a maɗinka da ba a gani sai an karkata mujallar ga haske.

Launin takardar shaidar ma magana ce. Shuɗi na nufin ba a taɓa mujallar ba. Rawaya na nufin an sa mata hannu a gaban wakilin kamfanin. Kore na nufin akwai wani lahani guda da aka ware, misali an yanke wani abu a ciki. Wannan ya shafi kwafi da yawa na Incredible Hulk ta 181 ta 1974, inda Wolverine ya fara cikakkiyar fitowa, domin akwai wani ɗan kan sarki na talla a ciki da yara suka riƙa yankewa. Shunayya kuwa na nufin an yi gyara, kuma masu tarawa suna yi masa laƙabi da tambarin mutuwa saboda yadda yake karya farashi.

Da zarar an fasa akwatin, shaidar ta tashi. Ke nan mujallun da suka fi tsada a duniya ba mai karanta su, mai su bango da baya kawai yake gani. Wasu tsofaffin masu tarawa suna sukar tsarin a kan haka, suna cewa an mayar da littafi takardar hannun jari. Sukar tana da gaskiya a cikinta, amma ba a taɓa biyan dala miliyan a kan mujalla ba sai bayan da aka sami makin da ɓangarori biyu suka yarda da shi.

Gasa tsakanin masu tarawa

CGC yana wallafa ƙidayar duk kwafin da ya duba, da makin kowanne. Wannan ƙidaya ita ce ta kaifafa gasar, domin a da mutum yana iya cewa nasa ya fi na kowa ba wanda zai ƙaryata shi, yanzu kuwa kowa na iya dubawa. Kwafin da yake shi kaɗai a saman jerin yana da farashi na daban. Ranar da wani ya kamo shi a maki, darajarsa ta ragu, ko da kuwa yana kulle a banki ba a taɓa shi ba. Kamfanin yana kuma da rajista inda masu tarawa ke shigar da kayansu, a ba su maki gwargwadon ƙaranci da lafiya, a jera su daga na ɗaya zuwa ƙasa, a ba da lambar yabo duk shekara. Mai son ya haura abokin hamayyarsa dole ya sayar da 9.4 ya nemi 9.6, kuma sau da yawa wannan 9.6 ɗin yana hannun abokin hamayyar ne.

Gasar ta fi bayyana a wajen gwanjo, inda gidaje biyu suka fi suna: Heritage Auctions na Dallas, da ComicConnect na New York, ɗan'uwan shagon Metropolis Collectibles na Stephen Fishler da Vincent Zurzolo. A ranar 22 ga Fabrairun 2010 ComicConnect ya sayar da Action Comics ta 1 mai maki 8.0 a kan dala miliyan 1, karon farko da mujalla ta kai haka. Bayan kwana uku Heritage ya sayar da Detective Comics ta 27, ita ma 8.0, a kan dala 1,075,500, jaridu suka ce Batman ya kayar da Superman. Wata ɗaya bayan nan wani kwafin Action Comics mai 8.5 ya tafi a dala miliyan 1.5.

Na gaba yana da labari mai tsawo. Ɗan wasan fim Nicolas Cage ya mallaki ɗaya daga cikin kwafin Action Comics ta 1 mafi kyau, aka sace shi daga gidansa a Los Angeles a shekarar 2000. Shekara goma sha ɗaya ba labari, sai a 2011 aka tsince shi a wani ɗakin ajiyar kaya na haya a kudancin Kalifoniya. An ba shi 9.0, aka sayar da shi a watan Nuwamban shekarar a kan dala miliyan 2.16. A watan Agustan 2014 wani 9.0 ɗin, mai fararen takardu, wanda mai shi na farko ya ajiye a akwatin katako a tsaunukan West Virginia, ya tafi a eBay a kan dala 3,207,852. A 2016 ɗan kasuwa Ayman Hariri, ɗan tsohon firaministan Lebanon Rafik Hariri, ya baje kolin tarinsa a London da sunan tarin da ba zai yiwu ba, kuma a cikinsa akwai Action Comics mai 9.0.

Lokacin annobar korona farashi ya yi tashin gwauron zabi. Batman ta 1 mai 9.4 ta kai dala miliyan 2.22 a Janairun 2021. A watan Satumba Amazing Fantasy ta 15 mai 9.6, ɗaya daga cikin huɗu kacal da ke da wannan maki a lokacin, ta kai dala miliyan 3.6, alhali irinta an sayar da ita dala miliyan 1.1 a 2011. A 2022 kwafin Edgar Church na Superman ta 1 ya sauya hannu a ciniki na sirri a kan dala miliyan 5.3. A Afrilun 2024 Action Comics ta 1 ta tarin Kansas City, mai 8.5, ta kai dala miliyan 6. A Nuwamban 2025 wani kwafin Superman ta 1 da wasu 'yan'uwa uku suka tsinta a ɗakin ajiya na gidan mahaifiyarsu marigayiya a arewacin Kalifoniya ya sami 9.0, ya tafi a dala miliyan 9.12. Waɗannan alƙaluma biyu na ƙarshe sun haɗa da ladan gidan gwanjo na kashi 20 cikin ɗari, wanda mai saye ke biya a kan kuɗin da aka buga guduma. Yawancin masu saye ba a bayyana sunansu, amma a cikin ƙaramin da'irar manyan masu tarawa ana sanin wanda ya ci da wanda ya sha kaye.

Akwai kwafi ɗaya da ya tsaya a wajen wannan lissafi duka. Action Comics ta 1 ta tarin Edgar Church, wadda da yawa ke ganin ita ce mafi kyau a duniya, wani likitan haƙori a jihar Virginia ya saye ta a 1984 a kan dala 25,000. Shekaru da dama suka wuce bai kai ta CGC ba. Tun da ba ta cikin ƙidaya, masu riƙe da 9.0 su ne na ɗaya a takarda, amma kowa ya san da zamanta.

A can ƙasan ma'auni ma ana ganin nauyin maki. A 2013 wani mai gyaran gidaje a jihar Minnesota ya sayi tsohon gida a kan dala 10,100, ya tsinci Action Comics ta 1 a cikin bango, tare da tsofaffin jaridun da aka cusa don tare sanyi. Cikin gardama da wata 'yar'uwar matarsa aka ja mujallar, bangon baya ya yage. Gidan gwanjon ya ƙiyasta cewa da ta sami 3.0, amma ta ƙare a 1.5, yagewar ta ci wajen dala 75,000. Duk da haka an sayar da ita dala 175,000.

Guga, gyara da maguɗi

Inda ɗigo biyu na maki ke da darajar gida guda, dole a sami masu neman hanyar ɗaga shi. Hanyar da aka fi bi ita ce guga: a ɗan jiƙa mujallar da tururi, a sa ta a injin zafi a danne, lanƙwasar da ba ta fasa launi ba ta miƙe. CGC bai ɗauki wannan a matsayin gyara ba, tun da ba a ƙara komai ba, ba a kuma cire komai ba, kuma daga baya kamfanin da ya mallaki CGC ya buɗe nasa sashen guga. An daɗe ana jayayya a kai. Masu adawa suna cewa ya kamata a faɗa wa mai saye, domin wanda ya biya kuɗin 9.6 yana zaton mujallar ta shekara sittin a haka ne, ba a jiya aka miƙe ta ba. A yau gugar ta zama ruwan dare. Wasu sana'arsu ke nan: su sayi 9.2 da suka hango alamar za ta tashi, su fasa akwatin, su goge, su sake aikawa. Idan ba su mayar da tsohuwar takardar shaida ba, kwafi ɗaya yakan bayyana sau biyu a ƙidaya, abin da ke sa alƙaluman ba su cika daidai ba.

Gyara na gaske ya wuce nan. Ya haɗa da cike wurin da launi ya goge da fenti, da liƙe yagewa da gam, da ƙara guntun takarda, da sauya ƙarafan ɗinki. A shekarun 1980 ana ganin wannan a matsayin ceton mujalla, sai da takardar shunayya ta zo aka koma gudunsa. Mafi muni a idon masu tarawa shi ne datse gefe, wato a yanke siririn bakin da ya ci da reza don kusurwa ta fito tsaf. A 2005 an gano cewa kwafin wani dillali da aka datse da gwaninta sun wuce CGC da shuɗiyar shaida da manyan maki, kamfanin ya daina karɓar kayansa, ya kuma nemi masu riƙe da su su dawo da su a sake dubawa.

A ƙarshen 2023 wasu masu tarawa da ke kwatanta hotunan tsofaffin tallace-tallace suka lura cewa lambar shaida ɗaya tana bayyana a kan kwafi mabambanta. Bincike ya nuna cewa wani yana buɗe akwatin kwafi mai babban maki, ya sa mai ƙaramin maki a ciki, sannan ya aika wa CGC a matsayin akwatin da ya lalace yana son a sauya masa sabo, aikin da a lokacin ba a sake duba mujallar sosai. CGC ya amsa cewa abin ya faru, ya fitar da jerin lambobin ɗaruruwan kwafi da ake zargi a Janairun 2024, ya yi alkawarin biyan diyya ga waɗanda suka saya, ya kai ƙara kotu, ya kuma sauya dokarsa ta yadda duk mujallar da aka kawo don sauya akwati sai an sake bincika ta.